Zuwa Ga 'Yata, Kan Sabobin da Aka Damƙa Miki

Assalamu alaikum 'yata. Ya sabon aiki? Mu a nan Kano kowa lafiya.

Na san manyanki za su matsa miki ki rage kashe kuɗi, su ce don me saba, wato kwamfutar da ke amsa buƙatun masu amfani da manhaja, za ta zauna da rabin ƙarfinta a banza. Kada ki yarda a cika ta maƙil. A lissafin layin jira mafi sauƙi, sabar da ke aiki da kashi 50 cikin ɗari tana ninka lokacin amsa sau 2 kan na sabar da babu layi a gabanta, a kashi 90 sau 10, a kashi 99 kuwa sau 100. In guda uku gare ki, kada kowacce ta wuce kashi 60, domin in ɗaya ta mutu, sauran biyun sun koma 90 nan take, wataƙila ma a ranar albashi ko jajibirin sallah.

Sai ki kiyayi yawan sassa, abin da matasan injiniyoyi ke ɗoki. Manhajar da ke aiki kashi 99.9 na lokaci tana tsayawa kusan awa 9 a shekara. Ki jera goma irinta, kowacce na jiran ta gabanta, tsayawar ta haura kwana 3. Haka sake gwadawa in buƙata ta gaza: matakai uku, kowanne ya gwada sau 3, buƙata ɗaya ta zama 27 a kan rumbun bayanan da dama numfashi yake da ƙyar. Ki bar gwajin a mataki ɗaya, tazarar tana ninkuwa, ki kuma ɗan sassaɓa lokutan don kada buƙatun su afko tare.

Abin da ya fi damuna shi ne madadin da ba madadi ba. Wutar gari da janareta in makunni ɗaya suke bi, ƙonewarsa duhu ne. A watan Maris 2024 wayoyin intanet na ƙarƙashin teku, WACS da MainOne da SAT-3 da ACE, sun lalace kusan lokaci guda a gaɓar Afirka ta Yamma, har bankuna a Nijeriya suka ji a jikinsu. Saboda haka ki tambayi kamfanonin layin intanet ɗinki biyu ta ina wayar kowanne ta bi, a rubuce.

Sabon gyara ki fara da kashi 1 na na'urori, hanyar komawa baya tana shirye. Ajiyar bayanai ta ko-ta-kwana kuma ki riƙa gwada dawo da ita a wata saba duk wata, ki auna awa nawa ta ci.

Mahaifiyarki na gaishe ki. Allah Ya yi miki albarka.

Mahaifinki