A koya wa yaranmu sauyin halittu da misalan da ke ƙofar gida

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da abokan aikinka, ina roƙon ka ba ni ɗan fili in tofa albarkacin bakina kan wani darasi da ake yi wa riƙon sakainar kashi a makarantunmu, wato yadda jinsin halittu ke sauyawa da tafiyar zamani. Ni malamin kimiyyar halittu ne a wata sakandare a nan Jos, na kuma san yadda ake yi. Da an zo wannan babi sai a ambaci Darwin da littafinsa na 1859, yara su ce "wai mutum daga biri ya fito", a kwashe da dariya, a wuce. Yaro ya gama makaranta bai san cewa babin da aka tsallake shi ne ke bayyana abin da ya kashe kasuwar kulorakwin, maganin zazzaɓin cizon sauro, ba.

Duk wanda ya ba arba'in baya ya san kulorakwin, da ɗacinta da ƙaiƙayin da take sa wa mutum. Da ita muka tashi, har ta zo ta daina ci, gwamnati ta sauya ta a 2005 da magungunan haɗi masu atemisinin. Har gobe mutane na cewa jiki ne ya saba da ita. Jikinmu bai yi komai ba. A cikin miliyoyin ƙwayoyin zazzaɓin cizon sauro, akan samu ƙalilan da suka zo da ɗan bambanci a gadonsu, wanda ke sa magani ya kasa kashe su. Magani ya share sauran, su kuma su rage, su hayayyafa, sauro ya ɗauke su ya kai gidan maƙwabci. Kamar rariya ce: abin da ya tsallake shi ne irin gobe. Wannan jurewar ta fara ɓulla ne a kudu maso gabashin Asiya da Kudancin Amurka a ƙarshen shekarun 1950, ta iso Afirka ta Gabas wajen 1978, sannan ta gangaro mana.

Ka leƙa lambunan da ke ciyar da kasuwar Farin Gada ka ga aikin da idonka. Manomin da bara murfi ɗaya na maganin feshi ya ishe shi a tanki, bana biyu yake zubawa, tsutsa kuma tana nan a cikin kabeji tana cin abinta. Shi kuwa ya ce mai shago ya sayar masa da jabu. Wani lokaci jabun ne, amma sau da yawa shi da hannunsa ya zaɓi tsutsa mai taurin rai, don ya yi shekaru yana fesa magani iri ɗaya. Haka wanda ke shiga kyamis ya sayi kafso biyu don abin da aljihunsa ya iya ke nan, ya sha, ya ji dama-dama, ya bari. Ban ga laifin talaka ba, amma ya kamata ya san abin da ya bari a cikinsa.

Sikila ma haka. Kusan kashi ɗaya cikin huɗu na 'yan Najeriya AS ne, kuma tun 1954 wani masani mai suna Anthony Allison ya nuna cewa mai AS ya fi tsira daga zazzaɓi mai tsanani. Yaran da suka rayu su ne suka haifi na baya, shi ya sa gadon ya yawaita a ƙasashen sauro duk da wahalar da yake jawo wa masu SS. Wanda ya gane haka ba zai ɗauki gwajin jini kafin aure a matsayin cin fuska ba.

Ɗalibaina masu kaifin kai sukan ce, "Malam, mun yarda, amma ai ƙwaya tana nan ƙwaya, ina sabon jinsin?" Amsar tana kan duwatsunmu. Akwai wani ɗan tsuntsu mai jan baya da ke rayuwa a tsakanin duwatsun Filato, wanda masana ba su tantance shi a matsayin jinsi mai zaman kansa ba sai a 1998, ta hannun Robert Payne. Akwai kuma wani baƙin tsuntsu mai sheƙi, wanda masana ke kira Vidua maryae, wanda ba ya yin sheƙa. Macensa takan saci jiki ta yi ƙwai a sheƙar jan tsuntsun, masu gida su ƙyanƙyashe, su ciyar da baƙon tare da 'ya'yansu. Cikin bakin ɗan baƙon ma yana da zane irin na 'ya'yan gida, don kada a gane shi a hana shi abinci. Yana girma yana koyon kukan uban goyonsa. In namiji ne, da wannan kukan zai nemi mata. In mace ce, mai wannan kukan za ta bi, kuma a irin sheƙar da ta tashi za ta yi ƙwai.

To, Malam, a ce wata mace ta kauce ta yi ƙwai a sheƙar wani tsuntsu dabam, 'ya'yan kuma suka rayu. Sun tashi da wani kuka ke nan, za su riƙa neman junansu, su daina cuɗanya da danginsu na asali ko da a bishiya ɗaya suke sauka. Sannu a hankali, waɗanda zanen bakinsu ya fi kama da na sababbin masu gida su ne za su fi samun ci su rayu. Ta wannan hanya masana suka nuna an samu jinsi kusan goma na waɗannan baƙaƙen tsuntsaye a Afirka, kowane da nasa mai goyo. Ba teku ba dutse a tsakaninsu, kuka ne kawai ya raba zuri'a. Kuma a Laminga, gabas da Jos, akwai cibiyar binciken tsuntsaye ta A.P. Leventis da ke ƙarƙashin Jami'ar Jos, a gefen dajin Amurum, inda ɗalibai daga ƙasashen Afirka ke zuwa nazari. Abin yana ci mini rai a ce baƙo ya taso daga nesa ya ga wannan, ɗan Rikkos ko Gangare bai taɓa jin labari ba.

Na san abin da ke sa malamai ɗari-ɗari. Ni ma mai imani ne, kuma ban ga ta inda sanin sababin abu ya rage wa Mahalicci iko ba, kamar yadda sanin yadda hadari ke haɗuwa bai hana mu roƙon ruwa ba. Batun asalin ɗan Adam yana da malamansa da zaurensa. Kada tsoronsa ya sa mu jefar da ilimin da lafiyarmu da nomanmu suka rataya a kansa.

Roƙona shi ne jaridarka ta ware shafi, ko da sau ɗaya a wata, ta gayyato likita da malamin gona da wani daga Laminga su yi wannan bayani da Hausa. Shugabannin makarantu kuma su ɗauki mota su kai yara Amurum a ƙarshen damina, lokacin da mazan tsuntsayen ke kuka.

Na gode.

Naka mai karatu,
Wani malamin sakandare,
Unguwar Rogo, Jos.