Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga kamfanin da ya ɗaura min sitiyarin jirgin ruwa a Legas

Zuwa ga Babban Manaja,

Yallaɓai, bayan gaisuwa da fatan alheri. Ban so maganar nan ta fito bainar jama'a ba, amma saƙon da mataimakinka ya turo min ta WhatsApp ranar 2 ga Mayu, ƙarfe 4:17 na yamma, shi ya sa na ɗauki alƙalami. Wai direbana ne bai iya tuƙi ba, wai garanti ba ya ɗaukar ganganci, in ina son gyara in kawo naira 320,000, kuma in rage damunsa da kira don ba ni kaɗai ne kwastoma ba. Na ajiye hoton saƙon. Tun daga ranar kuma ba wanda ya ƙara ɗaga wayata a ofishinku.

Ranar 14 ga Fabrairu na biya ku naira 1,850,000, kuɗin sitiyari mai aiki da mai, da kuɗin ɗaurawa, a jirgina na faiba mai inji ƙarfin doki 200 da ke jigilar fasinja daga Ikorodu zuwa Ebute Ero. Rasit ɗinku na hannuna, an rubuta garantin wata 12. Ba a je ko'ina ba direba ya fara ƙorafi cewa sitiyarin na wasa, sai ya murɗa sosai kafin inji ya amsa, ga mai yana tsatsafowa a bakin silinda, wato bututun da ke tura inji hagu da dama. Na yi ta kira har na gaji. Daga baya cikin Maris bakanikenku ya zo, ya ƙara mai, ya goge da tsumma, ya karɓi naira 45,000. Ko kallon inda silinda ta haɗu da inji bai yi ba.

Ranar 9 ga Afrilu da safe, jirgin na cike, yana gudun da ya kai kilomita 50 a awa, ya doshi gadar Third Mainland, sai sitiyari ya saki. Direba na murɗawa, babu abin da ke amsawa. Kai da kake sayar da kayan nan ka fi ni sanin abin da ke biyo baya. Farfela tana jan inji gefe guda ne, sitiyari ne ke riƙe shi. Da zarar ya saki, inji zai karkata gaba ɗaya, jirgi ya yi kwanar da ba wanda ya shirya mata, kuma jirgin ruwa ba shi da birki. Fasinja biyu suka faɗa ruwa. Wata baiwar Allah mai kai kaya kasuwa ta bugu da gefen jirgi, hannunta ya karye. Ni na biya kuɗin asibiti, har yanzu ina biya.

Abu biyu Allah ya sa suka zama sanadin tsira: rigunan kariya, da igiyar kashe inji da direba ya maƙala a jikinsa. Da ya faɗi, igiyar ta fizge, inji ya mutu. Ba don haka ba jirgin zai yi ta kewaya ne babu matuƙi, farfela na bi ta kan waɗanda ke cikin ruwa. Igiyar nan ce fa bakanikenku ya nannaɗe a jikin hannun totur ranar da ya gama aiki, yana dariya wai kwalliya ce. A Amurka tun watan Afrilun 2021 doka ta wajabta ɗaura ta a ƙananan jirage idan ana gudu, amma a wurinku abin wasa ce.

Da muka jawo jirgin bakin gaɓa, wani tsohon bakanike a tashar ya leƙa, ya kira ni na gani da idona. Kusar da ke haɗa silinda da hannun inji ta zare. Notinta muka tsinta a cikin kwarmin bayan jirgi, cikin ruwa da baƙin mai. Noti ne na gama-gari, irin wanda ake sayarwa a tire a bakin titi. Littafin da ya zo a kwalin kayan ya faɗa ƙarara cewa a wannan wurin sai noti mai roba a ciki, wanda ke kame kansa, domin jijjigar inji na kwance na gama-gari. To ina wanda ya zo a kwalin? Wane tuƙin ganganci ne ke canza noti, Yallaɓai? Direbana ya girma a kan ruwan nan, kuma ba shi ya riƙe sifana ranar ɗaurawa ba.

Ga abin da nake nema. Ku mayar min da kuɗina duka har da naira 45,000 ɗin nan, ku ɗauki nauyin jinyar matar, ku kuma janye maganar da aka yi a kan direbana a rubuce. Ba ma wannan ya fi damuna ba. Bayan abin ya faru na zagaya jiragen abokan sana'a da kuka yi wa aiki a tasharmu, na ga irin wannan noti a wasu daga cikinsu, suna ta ɗiban mutane safe da yamma. Wannan ya wuce kuskuren bakanike ɗaya, haka kuke aiki. Ku kira duk jirgin da kuka taɓa ɗaura wa sitiyari, ku duba shi kyauta.

Na ba ku zuwa ƙarshen watan nan. In ban ji daga gare ku ba, rasit da hoton saƙon da notin kansa za su tafi hukumar kula da hanyoyin ruwa ta Jihar Legas, LASWA, da takwararta ta tarayya, NIWA, da hukumar kare haƙƙin masu saye ta FCCPC, a can zan faɗi sunanku.

Naku,
Mai jirgin fasinja, tashar Ikorodu