Godiya ga ma'aikatan ɗakin gwajin naman gwari

Assalamu alaikum. Gaskiya na ga bai dace in yi shiru ba, dole in fito fili in gode muku kan samfuran da na ciro daga bawon 'ya'yan itace kuka tantance min, musamman malamar ɓangaren DNA, Allah ya saka mata da alheri.

Kafin in zo wajenku wallahi na sha wuya. Abin da ya tsiro min a faranti da farko fari-fari ne mai yauƙi kamar yis, da ya kwana biyu sai gefensa ya fara baƙi yana fitar da zare-zare irin na fumfuna, amma duk lab ɗin da na kai sai a leƙa madubin ganin ƙananan halittu sau ɗaya a ce Candida ce, wato wani yis da aka saba gani, je ka rubuta, wani wajen ma ko murfin farantin ba a ɗaga ba.

Ita kuwa malama zaunar da ni ta yi, ta ɗaga farantin saitin fitila ta nuna min cewa baƙin nan sinadarin melanin ne mai sa launin baƙi, halin wani naman gwari mai suna Aureobasidium ke nan, amma ido kaɗai ba ya raba waɗannan halittu, sai an karanta sassan DNA da ake kira ITS da D1/D2 an gwada da na asali a GenBank, wato ma'ajiyar bayanan DNA. Aka yi, samfurin farko ya fito Aureobasidium pullulans. Na biyun, wani yis ne, shi ya ƙi dacewa da kowa, ni har na fara murna na samo sabon jinsi. Ta ce in bi a hankali, e tun 1998 masana biyu, Kurtzman da Robnett, sun nuna bambancin da ya wuce kashi 1 cikin 100 a D1/D2 yawanci jinsi ne daban, amma sai an ga irin sukarin da yake ci da zafin da yake jurewa, a ajiye shi a ma'adana irin ta Westerdijk da ke Utrecht a Holan, a yi masa rajista a wuri kamar MycoBank inda ake rajistar sunayen naman gwari, don tun 2013 sunan da ba lambar rajista ba a karɓarsa.

Malama na gode ƙwarai, ko sau ɗaya ba ki gaji da tambayoyina ba. Abin da ke min ciwo shi ne ɗalibai nawa aka sallama da Candida a takarda alhali ba wanda ya gwada komai, kuma haka suka kai wa malamansu aka sa hannu.