Na koma gudu bayan haihuwa, amma jikina ya ƙi ba ni haɗin kai

Assalamu alaikum Anti, barkanki da aiki.

Ni matar aure ce, shekarata 29, ina koyarwa a wata firamare a nan Agege. Tun ina budurwa nake gudun motsa jiki. Da an idar da sallar asuba nake zura takalmi, in ɗaura hijabi, in zaga unguwa kafin danfo da keke Marwa su cika titi. A Fabrairun 2023 har na shiga zangon kilomita 10 na gasar gudun fanfalaki ta Legas, na kuma kai ƙarshe.

Wata takwas ke nan da na yi haihuwar fari. Da kaina na haihu, amma an yi mini ɗinki. Goggona ta taso daga Katsina ta yi mini wankan jego, kwana arba'in cif, ga ganyen darbejiya ga kunun kanwa. Nas ta ce kada in yi gudu sai bayan wata uku, na ƙara wata guda a kai. A mako na biyu da komawata santsi ya kwashe ni a bakin kwata, na yi targaɗe a idon sawun hagu. Hoto ya nuna ba karaya, na sake zama mako shida.

Yanzu ciwo biyu nake fama da su. Na ƙafar da sauƙi: yana damuna in na fara, ya lafa in jiki ya ɗau zafi, da dare kuma wurin ya ɗan kumbura. Ɗayan ne ke hana ni barci. Ko kilomita biyu ban kaiwa sai in ji marata ta yi nauyi kamar wani abu zai zazzago, ƙashin gaban ƙuguna ya riƙa suka, wani lokaci har fitsari ya kuɓuce mini. Wallahi Anti, ko maigidana ban gaya wa wannan ba. Shi kaɗai ke goya mini baya, surukata kuwa tun farko cewa take ɗanyen jiki ne da ni, mai goyo ba ta tsalle-tsalle a titi. Ranar da maganar nan ta kai kunnenta, takalmin ma sai an ɓoye.

Shayarwa nake yi, don haka ban da farasitamol da man zafi ba abin da nake amfani da shi.

A da na saba in danne ciwo in ci gaba, yanzu na kasa gane wanda ake dannewa da wanda ke cewa tsaya. Shin in koma tafiya da sauri na ɗan lokaci, ko in ajiye komai? Wannan na marar, wajen likitan mata zan kai shi ko wajen masu gashin ƙashi? Kuma ta ina zan fara yi wa maigidan bayani?

Don Allah a sakaya sunana.

Ƙanwarki daga Agege, Legas.