Dan Allah a fara koya wa yara ilimin gadon jini tun daga firamare

Assalamu alaikum Edita,

Ni malamar firamare ce a nan Kano, aji biyar nake koyarwa, kuma abin da ya sa na rubuto muku wani abu ne da ya faru a ajina wanda har yanzu yana ci min rai. Akwai wata yarinya mai sikila, ta yi sati biyu tana kwance, ranar da ta dawo idanunta duk sun yi ɗorawa tana ɗingishi, sai na ji wani yaro yana raɗa wa abokinsa wai kar ya sha ruwa a kofinta zai ɗauka. Wallahi raina ya ɓaci, amma da na yi tunani sai na ga ba laifinsa ba ne, wa ya taɓa zaunar da shi ya faɗa masa cewa sikila gadonta ake yi ba ɗauka ba?

Washegari na zo da kwano biyu, na ce wannan Baba wannan Mama, kowanne na zuba farin wake da jan wake daidai wa daida. Fari shi ne A, gadon jini mai lafiya, ja shi ne S, gadon sikila, wato iyayen duk AS ne, lafiyarsu ƙalau. Yaro ya rufe ido ya ɗauko ɗaya nan ɗaya can, mu rubuta a allo ya mayar. Muka yi ta yi har aka kaɗa ƙararrawa, da muka ƙirga sai ga ja da ja, wato SS mai ciwon sikila, ya fito kusan sau ɗaya cikin huɗu. Su da kansu suka gano cewa wake ba ya tuna abin da ya fito a baya, sau biyu a jere ja da ja ya fito mana. Wannan fa manya da yawa ba su gane ba, sai ka ji ana cewa ai tunda na fari ya zo da ciwon sauran ukun sun tsira, alhali kowane ciki lissafinsa sabo ne.

Ba ni na ƙirƙiro ba. Gregor Mendel, wani malamin coci a garin Brno, shi ya fitar da wannan lissafi a 1866 bayan ya yi shekaru yana haɗa irin wani wake a lambu, dogo da gajere, ƴaƴan suka fito dogaye duka amma a jikoki gajeren ya dawo. Haka zabiya take fitowa a gidan da uwa da uba duk baƙaƙe ne. Mu mun san barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, yadda abin ke tsallake ɗa ya faɗa kan jika ne ba a bayyana mana ba.

Da na ce musu kowane mutum yana da kromozom 46, wato ƴan zaren da ke ɗauke da gado a cikin ƙwayoyin jiki, 23 daga uwa 23 daga uba, kuma uwa X kawai take bayarwa, uba ne ke ba da X a samu mace ko Y a samu namiji, sai wata ta ɗaga hannu ta ce Malama to me ya sa ake wa mamanmu gori don mu shida duk mata ne? Na rasa abin da zan ce mata na ɗan lokaci.

Na ji daɗin dokar gwajin jini kafin aure da gwamnatin Kano ta sa wa hannu a 2024, Allah ya saka. Amma Edita gwajin yana zuwa ne bayan soyayya ta yi nisa, an kai kuɗin gaisuwa an fara haɗa lefe, a lokacin wa zai iya janyewa cikin sauƙi? Ga shi ana ƙiyasta jarirai kusan 150,000 ake haifa da sikila duk shekara a Najeriya.

Roƙona ga ma'aikatar ilimi a sa wannan darasi a manhajar firamare da Hausa, a kuma yi wa yara gwajin jinin tun a makaranta kowa ya taso ya san nasa. Ku ma dan Allah ku ware mana ko rabin shafi ne na yara duk sati, zan riƙa yankowa ina liƙawa a bangon aji.

Taku,
Wata malamar firamare, Kano