Shekara Shida Ina Jiran Allah Ya Yi Mini Magana a Mafarki

Baba Fasto, gaisuwa cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu. Na daɗe ina sauraron shirinka, yau kuma abin ya zo kaina. Don Allah a sakaya sunana.

Shekaruna 34. Ni mutumin ƙasar Kachia ne, amma ina zaune a Kaduna da matata da 'ya'ya biyu, ina koyarwa a wata makarantar kuɗi. Tun ina cikin ƙungiyar matasa a majami'armu ta ECWA na sa a raina cewa Allah zai kira ni aikin bishara, in tafi ƙarƙashin EMS, sashen ECWA mai aika masu bishara, can inda ba a san sunan Yesu ba. Ba kiran kaɗai na ƙudurta ba, har yadda zai zo na tsara masa. Duk shaidar da nake ji a taron farkawa kusan iri ɗaya ce: wannan ya yi mafarki, wancan baƙon mai wa'azi ya nuna shi da yatsa a cikin taro, wani kuma an kira sunansa da tsakar dare. Sai na zauna jiran nawa. Shekara shida a jere ina azumin kwana 21 a watan Janairu, ina kwana da littafi da biro a gefen katifa don kada mafarkin ya kuɓuce mini. Har yau littafin nan fari fat yake.

A 2023 cutar citta ta cinye gonakin yankinmu, har da ta Babanmu, wanda da bashi ya sayi iri. Bai gama farfaɗowa ba sai ga shanyewar ɓarin jiki. Mama ta kira ni ta ce, “Ka dawo gida, gona ba mai dubawa, majami'ar ƙauye ma ba mai koya wa yara.” Na ce mata ina jiran Ubangiji ya yi magana. Da Kirsimeti wani dattijon majami'a ya ja ni gefe ya faɗi kusan haka. Daga baya matata, wadda na ɗauka ita ce za ta fi kowa ƙin ƙauye, ta ce in don ita ne mu tattara. Amsa ɗaya na ba su duka ukun.

Abin da ya tayar mini da hankali ya faru a ajin makarantar Lahadi. Ina koyar da labarin Na'aman kuturu a 2 Sarakuna sura 5, yadda ya fusata don ya zaci Elisha zai fito da kansa ya kira sunan Ubangiji ya kaɗa hannu a kan kuturtar, sai aka aiko masa ɗan saƙo cewa ya je ya yi wanka sau bakwai a Kogin Urdun. Wata yarinya da ba ta wuce shekara tara ba ta ɗaga hannu ta ce, “Malam, to da bayinsa ba su lallashe shi ba, haka zai koma gida da kuturtarsa?” Na ce i, na ci gaba da darasi, amma jikina ya yi sanyi. Da na koma gida na sake karantawa, sai na lura duk maganar da ta kai shi ga warkewa daga bakin ƙananan mutane ta fito: yarinyar da aka kamo bauta, ɗan saƙo, sai bayinsa. Ni kuma mutum uku sun yi mini magana, ban ma lissafa su ba.

Amma Baba, ga inda na rikice. Yesun nan ne ya hana wani ya koma binne mahaifinsa kafin ya bi shi, a Luka sura 9. Ina tsoron kada in zama Yunusa da ya guje wa aiken Allah, in shiga jirgin Tarshish ina kiransa biyayya ga iyaye. In kuma zan faɗi gaskiya, akwai girman kai a ciki. Mai bishara da ya tafi nesa ana kiransa gaba a yi masa addu'a, wanda ya koma noma kuwa cewa za a yi birni ya gagare shi. Addu'ata ma ta yi sanyi. Wani lokaci nakan durƙusa in ji haushin Allah, kamar ya saɓa mini alkawarin da ban tabbata ya taɓa yi ba.

Ta yaya mutum zai bambance muryar Allah da abin da shi ya shirya wa Allah ya faɗa? Shawarar uwa da dattijo da mata ta isa in kira ta kira, ko in ƙara jira? Damina ta kusa, citta kuwa a watan Afrilu zuwa Mayu ake shuka ta, Mama kuma tana jiran amsata kafin a ba wani aron gonar.

Ɗanka cikin Almasihu,
daga Kaduna