Wasiƙa zuwa ga Malam Habu kan Fijon da ke ɗauke wuta

Malam Habu, aminina,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya, kai da iyali. Ya zafin Damagaram? Saƙonka ya iso, na kuma fahimci halin da Peugeot 504 ɗin marigayi Baba take ciki, Allah ya jiƙansa: tana tafiya lafiya lau, sai ta mutu kamar an murɗa makulli, bayan minti goma kuma ta tashi kamar ba ita ba. An canja filogi, an canja batir, an wanke kafireta har sau biyu. Don Allah ka dakata da sayen kaya haka nan. Irin wannan ciwo ba a kama shi a gareji lokacin da mota ke lafiya, sai a daidai inda ta mutu. Saboda haka ka riƙa yawo da mita da ƙwan gwaji mai volt 12.

Da farko ka lura da yadda take mutuwa. In ta yi tari tana fizga kafin ta tsaya, mai ne ba ya isowa. In ta yanke ɗif, wuta ce. Kada ka taɓa makulli, dubi dashbod. Jajayen fitilun caji da na man inji sun kama? In ko'ina duhu ne, wutar ta yanke tun daga tushe: kan batir, babbar wayar da ke zuwa kik, ko makullin kansa. Tsohon makulli kan cinye daga ciki, tarin mabuɗan gida da ake rataya masa kuwa ƙara kashe shi yake yi. Girgiza shi a hankali ka ga ko fitilun za su dawo.

In fitilu sun kama, kik yana juya inji amma ba ta tashi, je ka koyil. Koyil na Faransa an rubuta BAT a kai ɗaya, RUP a ɗayan. Wasu kuma alamar tarawa (+) ce a madadin BAT, ta ɗebewa (−) a madadin RUP. Maƙala ƙwan gwaji a jikin inji, ka taɓa BAT, dole ya kama. Koma RUP, wani ya yi maka kik. Ƙwan ya kamata ya riƙa kyaftawa. In ya tsaya a kunne, kwantak, wato 'yan ƙarafa biyun da ke buɗewa suna rufewa a cikin distiributa, ba ya haɗuwa ko wayarsa ta tsinke. In ya ƙi kamawa sam, wutar na zurarewa jikin ƙarfe, ko kwandensa ya ƙone, ko koyil ya yanke daga ciki.

A nan nake zarginta. Buɗe murfin distiributa, wanda kanikawanku ke kira delko. Akwai 'yar siririyar waya da ke zuwa kwantak, faifan da take kai kuwa motsi yake yi duk lokacin da ka taka totur. Shekara da shekaru tana lanƙwasuwa, sai jan ƙarfen ya karye a cikin roba, a ido kuma kamar sabuwa. Ja ta da yatsu biyu. In ta miƙe kamar ɗanko, ka kama ɓarawon. Tunda ka buɗe, daidaita bakin kwantak a milimita 0.4, ka goge shi da farar takarda don kada maiƙo ya rage. Dawowar motar bayan minti goma kuma halin koyil ne ko kwandensa in zafi ya kama su. Kwandensa ba shi da tsada, canja shi kawai. Koyil wanda ba ya tafiya da resista, tsakanin kawunansa biyu za ka samu wajen ohm 3. Auna shi da sanyi, ka sake aunawa nan take bayan ta mutu.

Sai wayar at, wadda ke haɗa kan batir na ɗebewa da bodi da inji. Rewaya da yawa sukan sa mita ta yi ƙara su ce waya lafiya take. Yaudara ce: sili ɗaya da ya rage ya isa mita ta yi ƙara, amma ba zai ɗauki wutar kik ba. Cire wayar tsakiyar distiributa ka jingina ta da ƙarfen inji don kada motar ta tashi. Sa mita a volt, baki ɗaya a kan darmar batir ta ɗebewa ita kanta, ba a maƙalar ba, ɗayan a jikin inji, a yi kik. In ta wuce 0.3, kwance wayar, ka kankare wajen zamanta da sanfefa har ƙarfe ya yi fari, ka ɗaure tam, sannan ka shafa giris. Wayar cok ko ta totur da ke ɗumi bayan kik shaida ce cewa wutar ta rasa hanya, ta bi ta nan.

Batir mai lafiya zai nuna 12.6 a zaune, kada ya sauka ƙasa da 10 wajen kik, in inji na aiki kuma 13.8 zuwa 14.4. Ya haura 15, regileta ce.

In duk wannan bai nuna komai ba, bar ta a silo ka bi wayoyi ɗaya bayan ɗaya kana girgizawa, musamman inda suka ratsa bangon da ke tsakanin inji da direba. Duk haɗin da aka murɗa da hannu aka naɗe da tef, warware shi a yi masa darma. Fiyus da aka ɗaure da waya kuwa, fitar da shi yau, gobara ce ke jira. Kafin ka sa sifana ko'ina, fara cire kan batir na ɗebewa.

In ta sake mutuwa, rubuto mini abin da ƙwan ya yi a BAT da RUP. Ka gaida Hajiya da yara.

Naka,
Isiyaku, Kaduna